Dutsen da Na Ɗauko daga Tsibirin Sahura

Assalamu alaikum, masu bibiyar labarina. Baiwar Allah da ta rubuto cewa in rage wa'azi in shiga zancen soyayya kai tsaye, na ga saƙonki. Ba zan rage ba. Wanda ya faɗa rami ya fi kowa sanin bakinsa, ni kuwa da idona biyu na faɗa, har ina gyara hijabi.

Ga wanda yau ya fara karantawa, sunana Mubina, gidanmu na Bukkuyum, ina karatun koyarwa a Gusau, saura mini shekarar ƙarshe. Da aka ba mu dogon hutun damina, Baba ya kira ni zaure ya faɗi magana ɗaya bai ƙara ba.

"Ba ni zaɓa maki miji, Mubina. Amma ba ki koma Gusau sai na san mai nemanki, na san gidansu."

Inna kuwa ba ta iya magana ɗaya ba. Da safe ta ce 'yar wance an sa rana, da rana ta ce 'yar wance ta haihu, da yamma ta dube ni ta yi ajiyar zuciya kamar an ce mata garin tuwo ya ƙare. Da abin ya ishe mu duka, aka tura ni wurin Kaka Turai, mahaifiyar Baba, a wata tungar masunta da ke bakin gulbi kusa da Gummi. An ce in taya ta aiki. Gaskiyar ita ce Inna ta yi imani Kaka na da idon gane namiji, tana so duk wanda zan kawo ya fara bi ta gabanta.

Ranar kasuwar Gummi na haɗu da Zayyad. Ruwa ne ya tsare mu a rumfar mai cajin waya. Yana sanye da shadda ruwan toka, hula ta zauna daidai, ƙamshin turarensa ya danne na soyayyen kifin da ke gefenmu. Takalminsa babu ɗigon laka. 'Yan mata, ku riƙe wannan: namijin da ya ratso kasuwar Gummi a tsakiyar damina takalminsa fes, ya saba duba inda yake sa ƙafa. Ba laifi ba ne. Amma ki tambayi kanki me yake nema a ƙasa da bai ɗaga kai.

Ni ban tambaya ba. Lambata na ba shi.

Mutumin Yawuri ne, yana zaune a Anka, yana da injin niƙa dutse, yana kuma sayen zinari a hannun masu haƙa. Bai ɓoye mini ba. Ni ce na ɓoye, domin a gidanmu ba a ambaton zinari. Baba ya taɓa haƙa a wajen Tungar Guru, har shekarar da gubar dalma ta shiga gidaje ta kwashe yara, ciki har da ƙanena Usama, yana rarrafe. Tun daga nan Baba ya koma gero da wake, ko 'yan kunne masu ruwan zinari bai son gani a kunnen Inna. Saboda haka da Kaka ta tambaye ni sana'ar yaron, na ce ɗan kasuwa ne. Ban yi ƙarya ba, na dai yanke wa gaskiya ƙafa don ta shiga ƙofa.

A gidan Kaka babu sabis sai a bayan rumbu, shi ma sai an hau turmi. Nan na ƙare hutuna, tsaye a kan turmi kamar zakara.

"Kin tashi lafiya, sanyin idona?"

"Lafiya lau. Ya Anka?"

"Anka kango ce tun da ba kya cikinta."

Ni da ban taɓa kwana a Anka ba. Amma na karanta, na sake karantawa, har Kaka ta ɗaga murya daga tsakar gida: "Ke mai wayar ga, sauko a daka hura! Turmin nan ba don soyayya anka sassaƙa shi ba."

Da ya fara zuwa zance, ya zo da goro da sabulu da lemo, ya durƙusa har ƙasa. Kaka ta dube shi daga hula zuwa takalmi.

"Ɗan ina ne kai?"

"Yawuri, Kaka."

"Yawuri ta bakin ruwa ko Yawuri ta bakin titi?"

"Kaka, a cikin jirgi aka yanke mini cibi."

Ta yi dariya har goron bakinta ya bayyana. "To wanga ni zan aure shi, ke nemi naki. Ranar Lahadi ka zo ka kai mu tsibiri, mu ga cibin."

Dole in tsaya in gaya muku mene ne tsibirin nan. A tsakiyar gulbi, daura da tungarmu, akwai wani tudu da ruwa ke kewayewa da damina, ana ce masa Tsibirin Sahura. Zuriyarmu ke noma shinkafa a kansa tun kakannin Kaka. Tsofaffi sun ce a zamanin da ba wanda ya san shekararsa, ruwa ya ci garin wani sarkin ruwa a dare ɗaya, mutane suka rasa inda za su tsaya. 'Yarsa Sahura ta ɗauki ƙwarya, ta riƙa nutsewa tana ɗebo ƙasar garin ubanta daga ƙarƙashin ruwa tana tarawa wuri ɗaya, har tudu ya fito, mutane suka hau. A nutsewarta ta ƙarshe ba ta fito ba. Don haka ake cewa ta san kowace ƙwayar ƙasar wurin, tun da ita ta ɗauko ta. Abin da ya tsiro a kai, shinkafa ko kanya ko ciyawa, naka ne. Ƙasar da ta tsirar da shi ba taka ba ce. Wanda ya fita da ko tsakuwa, ruwa zai bi shi har gida ya karɓo.

Shi ya sa ba a barin tsibirin sai an wanke ƙafa. Kowa zai zauna a gefen jirgi ya wanke ƙafa da takalmi, maza su zazzage aljihu, mata su kakkaɓe bakin zane. Kuma duk mai neman 'yar gidanmu sai ya tuƙa tsohuwar gida zuwa can ya dawo da ita, tana kallon yadda yake riƙe filafili da yadda yake wanke ƙafa.

Ra'ayina a kan wannan ban ɓoye wa kowa ba. Ƙasa ta Allah ce, ruwa na Allah ne, matacciya ba ta ƙirga tsakuwa. Na faɗa wa Kaka, ta ce in je in wanke tukunya. Na faɗa wa Zayyad a waya, har da hoton dariya, na ce, "Ka shirya, za a duba tsakanin yatsunka." Ku lura da wannan dariyar. Da ita aka ɗaure ni.

Ranar Lahadi na tashi na yi wanka da sabulun da ya kawo, na sa atamfata mai ganyen shuɗi, na ɗora hijabi ruwan madara, na zizara kwalli, na rataya jakar da nake zuwa lacca da ita. Kaka ta fito da tsohon zanen saƙi da ƙwaryar fura a ka.

"Biki za ki ko gona?"

"Kaka, ai baƙo gare mu."

"Baƙon ya ga laka tun kahin a haife ki. Ɗauki masarar can."

Kawu Ɗantani, ƙanen Baba, shi ke da jirgin. Ya miƙa wa Zayyad filafili, ya koma gaba ya zauna yana gyaran ragarsa. Zayyad ya cire babbar rigarsa ya ninke, ya naɗe hannun 'yar ciki, ya tsaya a bayan jirgi.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa wa'azina daɗi ba: ya iya. Gulbi ya cika ya yi ja, yana tafe da rassan itace, amma jirgin ya miƙe kamar an ja shi da zare. Bai yi haki ba, bai yi surutu ba. Da muka ratsa inda bado ya rufe ruwa, ya sunkuya bai tsayar da tuƙi ba, ya tsinko fure ɗaya fari ya ajiye a gefena.

"Ni fa?" in ji Kaka.

"Kaka, naki sai na dasa miki gona guda."

"Ka ji ɗan banza mai zaƙin baki! Ɗantani, ka ga yadda aka tuƙi? Ba irin naka ba, kamar mai kora jaki."

Kawu ya ce wa mahaifiyarsa, "To Inna, ki koma Yawuri mana."

A wannan lokacin da an ce in sa hannu a ɗaura aure a cikin jirgin, da na sa.

Tsibirin kore shar, shinkafa ta kai gwiwa, balbelu sun yi fari a kan kanya. Muka gasa masara, muka sha fura. Kaka ta ba da labarin Sahura daga farko har ƙarshe, Zayyad na gyaɗa kai yana cewa "Allahu akbar" a duk inda ya dace. Daga nan ta kishingiɗa a inuwa, Kawu ya tafi duba ragarsa, Zayyad ya ce zai zaga ya ga wuri. Na bi shi daga nesa kaɗan, inda Kaka ke iya hango mu.

A gefen yamma ruwa ya zaftare gaɓa. Nan na ga ya tsuguna, ya juya mini baya, yana ta aiki da hannu. Wallahi cewa na yi sunana yake rubutawa a yashi. Har na tsaya na ba shi lokaci ya gama.

"Mubina, zo ki gani."

Na matsa ina sunkuyar da kai. "Me ka rubuta?"

"Rubutu kuma? Dubi wannan jijiyar."

Makullin mashin ɗinsa ne a hannunsa, ya ɓanɓaro wani farin dutse kamar dunƙulen hannu, da jan layi-layi a jikinsa. Yadda yake kallon dutsen nan, ban taɓa ganin ya kalle ni haka ba, ni da na ɓata safiya guda a gaban madubi.

"Sa mini a jakarki."

"Ba ka ji abin da Kaka ta ce ba?"

"Na ji, labari ne mai daɗi." Ya yi murmushi. "Amma ke da kike karatu a Gusau? Ke da kika ce mini matacciya ba ta ƙirga tsakuwa? Ko a waya kawai kike da ilimi?"

"Ba tsoro nake ji ba."

"To. Ni za a zazzage aljihuna. Ke jinin gida ce, ba mai taɓa jakarki. Gwadawa kawai zan yi, don mu san abin da Allah Ya ajiye wa 'ya'yanmu."

'Ya'yanmu. Ku ji inda ya soka. Na buɗe jaka. Shaiɗan bai cika zuwa wa mutum da abin da yake ƙi ba, da maganar bakinsa yake zuwa masa, ya ce ai kai ka faɗa.

Da za mu tafi, Zayyad ya zauna a gefen jirgi tun ba a ce masa ba. Ya wanke ƙafa har tsakanin yatsu, ya wanke takalmi ciki da waje, ya fito da aljihunsa duka, ya cire hula ya kakkaɓe, har ƙarƙashin farcensa ya goge. Kaka ta riƙe haɓa.

"Tun da nike kawo samari wurin ga, ban ga wanda ya girmama Sahura kamar wanga ba. Ubanki ma sai da anka tuna mai."

Ni ma na wanke ƙafata tas. Jakar na kan cinyata.

A hanyar dawowa, ni da ban yarda da Sahura ba, babu addu'ar da na sani da ban karanta ba. Duk reshen da ya bugi jirgi sai in ƙara ƙanƙame jakar. Muka iso lafiya, ruwa bai ce mini kome ba. Kafin magariba Kaka ta sa na hau turmi na kira mata Inna, Kaka ta karɓi wayar tana ihu kamar Bukkuyum a Makka take: "Yaron ya yi! Ki gaya ma mijinki Yahaya yaron ya yi!"

Shi kuma saƙonsa ya shigo: "Gobe bayan la'asar zan zo. Ki naɗe mini amanata a leda." Babu sanyin ido a ciki.

Washegari ina shara na yi tunanin da na ɗauka hikima ce. Na ce bari in gwada shi. In ba shi dutsen banza, ya kai Anka ya niƙa, ya ga babu kome. In ya ci gaba da zuwa, ni yake so. In ya ɗauke ƙafa, na huta, tsibirin Kaka ma ya huta. A bakin akurkin kaji akwai wani dutse da ake tokare ƙofa da shi, kashin kaji ya rufe shi. Na wanke, sai ga shi fari da ja kamar ɗan'uwan wancan. Na sa bayan gatari na ɓantari gefensa, na naɗe a baƙar leda. Na tsibiri kuwa na tura shi ƙasan akwatina, cikin safa.

Ya zo, ya karɓa, bai ko zauna ya sha ruwa ba. Na koma ciki ina jin kaina kamar alƙaliya.

Kwanaki suka wuce shiru. Na hau turmi na sauka, na hau na sauka. Na fara shirya jawabin da zan yi wa Inna a kan mazan zamani. Sai ranar Laraba da hantsi waya ta yi ƙara, hoto ya shigo yana buɗewa a hankali saboda sabis. Tafin hannunsa ne, a tsakiya wani ɗan abu rawaya kamar ƙwayar gero.

"Mubina!!! Kakarmu ta yanke saƙa!"

Kakata kuwa na tsakar gida tana tsintar shinkafa, ba ta yanke kome ba.

Saƙonni suka biyo baya kamar ruwan ƙanƙara. "Ban taɓa ganin dutse mai kyau irin wannan ba." "Na yi magana da abokaina masu injin jan ruwa, da an girbe shinkafa za mu shiga." "In na zama surukin gida wa zai hana ni?" "Na kira Babanki, magabatana na zuwa Bukkuyum ranar Juma'a." A can ƙarshe, kamar wanda ya tuna ya bar murhu a kunne: "Ina sonki sosai."

Ban sauka daga turmi ba kiran Inna ya shigo. Guɗa ta fara yi kafin sallama.

"Mubina, Allah Ya yi maki albarka! Babanki ya ce ki fara haɗa kayan makaranta. Na aika a sayo kaji. Yaro mai hanzari, ba irin masu zaman tabarma shekara uku ba!"

"Inna, ki dakata…"

"In dakata mi? Ke dai ba ki son ganin farin cikina."

Na sauko daga turmi. Ga abin da wayona ya haifa: na so in kare tsibiri, na jawo masa injina. Na so in gwada saurayi, na sa ya turo magabata. Kuma har lokacin ban san yadda aka yi tokarin akurkin kaji ya haifi zinari ba.

Na ɗauko dutsen tsibiri daga cikin safa, na je na ajiye a kan tabarmar Kaka, kusa da faifan shinkafa. Na faɗa mata kome, har da sana'ar Zayyad. Na jira mari.

Ba ta taɓa dutsen ba. Ta ce, "Na akurki kinka fasa?"

"I."

"Da hannunki?"

"I, Kaka."

"Tashi ki wanke hannu da sabulu. Ki canza kayan da kinka sa ranar, ki wanke su daban. Ki share wurin ki binne ƙurar."

Sai da na yi duk wannan na dawo ta ci gaba.

"Ubanki ya kawo mani shi daga Tungar Guru, lokacin da suka haƙa. Ya aje shi gabana shina rawar jiki, wai Inna ga arzikin da ke tahe. Ban san mi zan yi da shi ba, na tokare kaji. Ba a yi wata uku ba anka kawo mani labarin Usama." Ta tsince wata tsakuwa daga shinkafa ta jefar. "Na bar shi nan don kullum in ga kaji na yi mai abin da ya dace da shi."

Na jawo faifan na taya ta tsinta. Can na ce, don bakina bai iya zama ba, "Kaka, ni fa har yanzu ban yarda Sahura na ƙirga tsakuwa ba."

"Wa ya tambaye ki? Ko da Sahura ko ba Sahura, tuwon da kinka ci jiya can ya hito. Ki bari su haƙa, ki ga ko rami na yin shinkafa." Ta nuna dutsen da haɓa. "Wanda ya ɗauko shi ka maidawa. Gobe da hantsi. Ki kira yaron ya tuƙa ki, amma ki hwaɗa mai gaskiya duka, kar ki rage. In ya ji an yi mai wayo, ya ji tsibiri ya hi ƙarhinsa, kuma ya zo, to ke yaka so, ni da kaina zan roƙi Yahaya ya yahe mai sana'arsa. In bai zo ba, Ɗantani ya kai ki, mu ci kajin uwarki mu kaɗai."

Na hau turmi na yi masa saƙon murya mai tsawo. Na ce dutsen da ya niƙa ba na tsibiri ba ne. Na faɗi inda ya fito, na faɗi wanda ya kawo shi, na faɗi sunan Usama, muryata ta karye a wurin, ban goge ba na tura. Na ga ya saurara. Bai amsa ba.

Da hantsi muka sauka bakin gulbi, ni da Kaka da Kawu. Ban yi kwalli ba, tsohon hijabina na sa, dutsen na ƙulle a bakin zane. Kawu ya fara kwance jirgi yana cewa, "Inna, mu tahi, ɗan Yawuri ya koma Yawuri." Sai muka ji ƙarar mashin.

Shi ne. Farar shadda, shi kaɗai, ba inji, ba abokai. Ya durƙusa gaban Kaka ya ce, "Na yi kuskure, a yafe mini." Kaka ta juya ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Nawa ya riga nata.

Ya karɓi filafili. Kaka ta ce ita ƙafarta na ciwo, za ta jira a gaɓa, ta karɓi wayata ta ce Kawu ya nuna mata inda ake danna sunan Inna kafin ya biyo mu a ƙaramin jirginsa. A bakin ruwa akwai sabis, abin da ban taɓa sani ba sai ranar.

Muka isa. Na mayar da dutsen daidai ramin da ya fito, na danna shi da tafin hannu. Na saci kallon Zayyad in ga ko zai bi shi da ido. Bai ko waiwaya ba. Ya ce, "Bar shi nan, da ma ban cika yarda da shi ba." Muka wanke ƙafa. A raina na ce, Mubina, kin zalunci bawan Allah da zato, sai ki nemi gafara. Na fara lissafin kalar ankon da zai dace da ƙawayena na Gusau.

Mun kai tsakiyar gulbi, inda ruwa ya fi ƙarfi, ya sassauta tuƙi. Kawu na can baya. A gaɓa ina hango Kaka da waya a kunne, tana ɗaga mana hannu ɗaya, ko daga nan na san abin da take gaya wa Inna.

"Mubina."

"Na'am." Na sunkuyar da kai, ina jiran kalmar da ta dace da wurin.

"Na saurari saƙonki ya fi a ƙirga. Wallahi ya taɓa ni. Allah Ya jiƙan Usama."

"Amin. Na gode."

Ya gyara riƙon filafili, ya sassauta murya yadda yake yi in zai ce sanyin idona.

"Shi wannan ramin na Tungar Guru… kina ganin Baba zai iya tuna daidai inda yake?"

Ya tsayar da tuƙi yana jiran amsa. Ruwa ya fara jan jirgin gefe. Ban iya iyo ba, filafili na hannunsa, kuma daga gaɓa iska ta kawo mini muryar Kaka tana rangaɗa guɗa.